Ranar da Baba Ya Bar Zongo da Ƙafa

Gidanmu a Zongon Lome bango ɗaya ne ya raba shi da masallacin unguwa, saboda haka duk abin da ya faru a sahu ina jin sa daga madafa. Mahaifina ne liman. Daga Arewa ya zo tun yana saurayi, ya biyo fataken goro har bakin teku, ya ga wuri ya zauna. A lokacin da nake ba da labari mahaifiyata ta rasu, yayana yana Gwalkwas, kuma an rufe iyaka saboda yaƙin da Turawa ke yi a ƙasarsu, ko saƙon baki ba ma samu daga wurinsa. Ni kuwa aurena na fari ya mutu, na dawo gida. Mu uku ne a gidan, ni da Baba da Gwaggo, yayarsa, wadda ciwon ƙafa ya hana ta fita ko ƙofar gida.

Abin ya fara wa Baba da kaɗan-kaɗan. Zai ajiye tasbaha a cikin kwanon tuwo, ko ya kira ni da sunan mahaifiyata. Daga nan sai ya shiga karatun salla. Mutumin da malamai ke zuwa daga nesa su yi masa tambaya, sai ga shi yana tsayawa cik a tsakiyar ƙaramar surar da yara ke fara haddacewa. Na baya su tuna masa, ya kama, ya sake saki. Ni ina tsugune gaban murhu, ludayi a hannu, ina jin shirun nan yana tsawo, zufa tana keto mini.

Wata magariba sai ya juyo ana tsakiyar salla, ya dubi sahu, ya ce, "Su wane ne ku?"

Washegari dattawan unguwa suka zo zaure. Cikin ladabi suka yi magana, suka ce Malam ya yi wa jama'a hidima, hutu ya kama shi, na'ibi zai riƙa jan salla. Baba ya raba musu goro, ya yi godiya, ya raka su har ƙofa. Da asuba kuma ya je ya tsaya a gaba kamar kullum. Sai da wani ya kama hannun rigarsa ya jawo shi cikin sahu.

Daga ranar na daina zuwa famfo da rana. In na doso, mata su yi shiru, wata ta yi mini sannu da murya irin ta gidan makoki. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce karatu ne ya yi masa yawa, wasu kuma sun ce akwai abin da ya ƙulla da mutanen ɓoye bai cika ba. Duk ya dawo kunnena.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ina jajjaga albasa, Gwaggo ta ƙwala mini kira daga ɗaki.

"Ke, ina ubanki? Tun ɗazu ban ji tarinsa ba."

Na leƙa zaure. Babu buzu, babu buta, babu sanda. Na fizgi mayafi na fita, ko hannu ban wanke ba, ban ɗauki komai ba. Mai ƙosai ta bakin layi ta nuna mini arewa da baki. Can bayan titin jirgin ƙasa na hango shi, yana tafe cikin yashi da rigarsa ta Juma'a da rawani, buzu a kafaɗa.

"Baba, ina za ka?"

"Atakpame, wurin ƙanena."

"Baba, Atakpame ba a zuwa da ƙafa. A jirgi ake zuwa. Mu koma gida, a shirya."

Ya tsaya ya dube ni, idonsa tar, babu alamar ruɗewa ko kaɗan.

"Tasha cike take da mutanen Zongo, Uwata. Kowa zai zo ya yi mini sannu. Ba zan koma a riƙa jan hannun rigata kamar makaho ba."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya juya ya ci gaba da tafiya. Na waiga wajen Zongo. In zan mayar da shi, sai dai in ja shi da ƙarfi, yana turjewa, mu ratsa layin mahauta da na masu goro da rana tsaka, kowa yana ƙofar gidansa. Na auna abin a raina, na ji ba zan iya ba. Sai na karɓi butar daga hannunsa na bi bayansa.

A da ni a ganina Lome ita ce Zongo da babbar kasuwa da bakin teku. Ranar na san garin ba ya ƙarewa. Muka ratsa unguwar Amutive, muka bi hanyar da aka cike ta tsakiyar tafki, ruwan yana wari, sauro yana tashi ko da rana. Muka hau tudun Tokoin, yashi ya ƙare, jar ƙasa ta fara. Na ce to, mun fita gari. Sai ga gidaje. Muka wuce su, muka shiga gonakin rogo, na ce yanzu kam an gama. Sai ga barikin soja, ga wasu gidajen, ga mata sun baza kaya a bakin hanya. Duk inda muka bi sai an bi mu da kallo: tsoho da rawani da rigar Juma'a, da mace a bayansa riƙe da buta tana share hawaye da gefen mayafi. Mutanen ƙasar suna gaishe shi, "Alufa, Alufa," haka suke kiran malamanmu. Shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar mai zagayen gaisuwar Salla.

Kafin mu kai Agoe ƙafarsa ta gaza. Takalmin fata ya yanke shi a dunduniya, yatsun sun kumbura. Ya zauna a gindin wani mangwaro inda wata mata ke sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Ina jin Mina, yaren mutanen ƙasar, daidai na ciniki, don haka na gane tambayarta. Da na ce Atakpame, sai ta tafa hannu ta riƙe baki. Ta ce babu mai kai wannan tsoho ko'ina sai mota. In tsaya a bakin hanya, in mota ta taho in ɗaga hannu, wani direban yana da tausayi.

Wanda bai tashi a gidan malamai ba zai ga wannan ba wani abu ba ne. A Zongo akwai matan da ke tsayawa bakin hanya suna ɗaga wa direbobi hannu, kuma akwai sunan da ake kiran su da shi. Ni ko muryata ba a yarda a ji a zaure ba in akwai baƙi. Ga shi kuma ana mini kallon wadda ta kasa zaman aure.

Motoci ma ba su da yawa a shekarun nan. Fetur ya yi wuya, yawancin manyan motoci da gawayi suke tafiya, da wata tukunyar ƙarfe a gefe tana hayaƙi. Sai ka daɗe kana sauraro kafin ka ji ƙugin ɗaya. Ta farko da ta zo, na ɗaga hannu iya ƙirji, kaina a sunkuye. Ta wuce. Mai dokunu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wa zai gan ni a haka? In shiga hanya sosai, in cire mayafin in kaɗa shi.

Na cire mayafina a bakin titi. Har yau in na tuna sai na ji iskar nan a wuyana.

Ta biyu motar soja ce. Suka yi ta fito da baki suna kiran abin da ban ji ba, na gode Allah da ban ji ba. Wata ƙaramar mota ta wuce da Bature da matarsa, matar ta juyo tana kallona har suka ɓace. Can sai wata babba mai ɗauke da buhunan gishiri ta rage gudu ta tsaya. Na ruga wurinta. Direban ya leƙo, ya dube ni sama da ƙasa, ya yi magana da Hausa tsantsa.

"Ke kam akwai wurinki a nan gaba kusa da ni. Tsohon ya jira ta baya."

Da da wani yare ya faɗa, da ya fi mini sauƙi. Na ja da baya. Ya yi dariya ya ja motarsa.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce mota ta cika, Baba."

"To, Allah ya kiyaye hanya," ya ce, ya ɗaga wa motar hannu.

Ina tsaye a tsakiyar hanya da mayafi a hannu, kaina ba komai sai ɗankwali, sai ga mai keke ya taho daga wajen Agoe. Kafin in rufe jikina ya iso. Maƙwabcinmu ne, mahauci, wanda ba ya rasa sahun farko, ya je duba shanun da aka kawo daga Arewa. Ya yi tsalle ya sauka, ya jingine keken, ya durƙusa gaban Baba.

"Allah gafarta Malam, lafiya a nan?"

Baba ya dube shi da fara'a. "Lafiya lau, samari. Ɗan wane gida ne kai?"

Baba ne ya raɗa wa 'ya'yan mutumin nan suna, dukansu. Mahaucin ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi bai yarda ya haɗa ido da ni ba, ƙasa yake kallo yana magana. Ya ce bari ya ɗora Malam a keke ya tura shi har gida, ai ba komai, yau da gobe sai Allah. Baba da ya ji an ambaci gida sai ya murtuke, ya buga sanda a ƙasa, ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba.

Na ce, "Ka dai gaya wa Gwaggo muna hanyar Atakpame. A samu wadda za ta kwana da ita."

"Zan gaya mata. Ita kaɗai zan gaya wa."

Ya ciro goro daga aljihu ya ajiye a gefen buzu, ya hau kekensa. Rashin kallona da ya yi ya fi mini zafi a kan kallon sojojin nan. Na san abin da ya gani, kuma na san yana da mata, matar kuma tana zuwa famfo.

Mai dokunu ta ba mu abinci ba ta nemi komai ba. Muka ci. Baba ya yi azahar, sai da na juya masa buzu don ya fuskanci gabas.

Rana ta karkata lokacin da muka fara jin waƙa daga wajen gari, muryoyi da yawa, maza da mata. Sai ga wata babbar mota tana tafe a hankali, cike da mutane cikin baƙaƙen zannuwa da ja. Ban ma ɗaga hannu ba, na gaji. Ita ce ta tsaya don kanta, direban ya sauko yana zungurar tukunyar gawayi. Mutane suka sauko shan iska. Cikinsu akwai wata dattijuwa, ƙatuwa, idanunta sun kumbura don kuka. Ta zo sayen kifi, sai idonta ya faɗa kan ƙafar Baba. Ta tambayi mai dokunu, mai dokunu ta zayyana mata komai, har da yadda na fara ɗaga hannu, tana kwaikwayona.

Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce mini ƙanenta ne ya rasu, ma'aikacin gadar jiragen ruwa, za su kai shi ƙauyensu gaba da Tsevie. In muna so mu hau, su sauke mu a Tsevie, can akwai Hausawa.

Na leƙa bayan motar. Akwatin gawa ne a tsakiya, da gicciye a kan murfin. Na buɗe baki in ce mun gode, sai na ga samari biyu sun riga sun tallafi Baba, sun ɗaga shi sama kamar yaro, yana ta sa musu albarka. Aka matsa masa a kan benci dab da akwatin. Ni ma aka miƙo hannu aka jawo ni.

Motar ta tashi, waƙa ta ci gaba. Wata kwalba tana zagayawa hannu zuwa hannu, warinta ya cika wurin. Wani ya miƙo wa Baba, dattijuwar ta doke hannunsa ta balbale shi da faɗa. Na ja mayafi na rufe fuska, ina leƙen hanya ta ƙasan ido, kada mu yi karo da wani ɗan Zongo.

"Uwata," Baba ya taɓa ni. "Gawa ce wannan?"

"E, Baba."

"An yi mata addu'a?"

"Ba tamu ba ce, Baba. Suna da nasu."

Ko bai ji ba, ko bai gane ba. Ya gyara zama, ya gyara rawani, ya ɗaga hannuwa, ya fara karatu da muryar nan tasa mai cika masallaci. Na kusa da shi suka yi shiru, sannan na bayansu, har waƙar ta mutu gaba ɗaya. Maza suka cire huluna. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Limamin Zongo yana karatu a kan akwati mai gicciye, tsakanin masu shan giya. In wannan ya kai kunnen dattawan unguwa, me ya rage mana?

Ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya tsallaka wata surar dabam, ya gauraya su. Sannan ya juyo ya dube ni, irin duban da yake jiran na baya ya tuna masa. Na san ayar, tun ina goye nake jin ta. Ban taɓa karatu a gaban maza ba, amma na matsa kusa da kunnensa na raɗa masa. Ya kama, ya yi gaba kaɗan, ta sake kuɓuce masa. Ya yi shiru hannuwansa a sama, leɓɓansa suna motsi babu abin da ke fita. Daga ƙarshe ya shafa fuska.

Motar duka ta amsa da amin irin tasu. Dattijuwar ta kama hannuwansa biyu tana kuka tana godiya. A wurinsu ya yi addu'a cikakkiya, ya kai ƙarshe. Ni kaɗai na san abin da ya faru, kuma hakan bai rage mini komai ba. Ji na yi kamar mun sayar musu da yadi mai huji suna ta sa mana albarka.

Hanyar ba ta da kyau, motar tana ta jijjiga mu. Mun yi nisa sai na ga rigar Baba ta jiƙe daga cinya, ruwa yana bin benci yana ɗiga a kan katako, yana gangarawa wajen akwatin. Shi bai ma sani ba, yana kallon itatuwan giginya da ke wucewa.  Ban iya motsi ba, ban iya tunanin abin yi ba.

Dattijuwar ta riga kowa gani. Ba ta dube ni ba. Ta kwance zanen da ta yafa a kafaɗa, ta shimfiɗa masa a cinya har ƙasa kamar mai kare shi daga sanyi, ta sa ƙafarta ta take gefen zanen a kan wurin da ya jiƙe. Sannan ta ɗaga murya ta tayar da wata waƙa, da ƙarfi, tana tafi, tana duban gaba. Kowa ya juya ya kama amshi. Ko akwai wanda ya lura, ban sani ba, babu dai wanda ya nuna. Na sa fuskata a gwiwa na yi kuka, su kuwa suka ɗauka kukan mamacinsu nake taya su. Wata ma ta riƙa bubbuga bayana.

A Tsevie suka tsaya a bakin kasuwa. Dattijuwar da kanta ta sauko ta nemo wani Bahaushe mai goro, ta damƙa mu a hannunsa. Samarin suka sauko da Baba naɗe da zanen. Na yi nufin in cire in miƙa mata, ta riƙe hannuna ta girgiza kai. Kalmar godiya ta yarensu ɗaya ce na sani, ita na yi ta maimaitawa har motar ta karya kwana.

Mai goron ya kai mu gidansa. Matarsa ta ba ni ruwa da sabulu, ba ta tambaye ni komai ba, na wanke rigar a bayan ɗaki. Washegari mai goron da kansa ya tsaya a bakin hanya ya tare mana motar da za ta je ɗaukar auduga, ya yi magana da direban, muka hau. Ni ina gefe a lulluɓe.

Da muka isa Atakpame, baffana ya karɓi yayansa hannu biyu. Ya share masa zaure, ya hana kowa yi masa tambayar karatu. A can babu wanda ya san yadda yake a da, saboda haka babu mai yi masa sannu da muryar makoki. Yara su gaishe shi, ya sa musu albarka, ya tambaye su 'ya'yan wane gida ne, gobe ma ya sake tambaya. Daga baya aka ɗauko Gwaggo a jirgi. Ita ta kawo mini abin da ake faɗa a Zongo: wai na bi wani direba ne, na fake da tsohon. Mahaucin ya zo ya rantse mata ba daga bakinsa ya fita ba, kuma na yarda da shi. Hanya ce, ba shi kaɗai ya bi ta ba ranar.

Baba ya ga damina biyu a Atakpame, ya rasu a ta uku, da rana, yana zaune a zaure. A can na sake aure, a can na haifi 'ya'yana. Ban koma Lome ba sai da furfura ta fito mini, wani biki ya kai ni. A gidan bikin wata tsohuwa ta ƙura mini ido, ta ce, "Ke ba ke ce 'yar liman ɗin nan da..." Sai ta kama gyaran ɗankwali.

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Allah ya jiƙan Malam." Na ce amin, aka miƙo mana kwanon shinkafa muka sa hannu.